'Yan Dako Goma Sha Biyu a Jikin Sadisu

Wallahi na san ba za ka yarda ba, kuma ban ga laifinka ba. Ni kaina da abin ya faru da ni, in na tuna sai na juya tafin hannuna na duba. Amma je ka ƙofar kasuwa ta wajen 'yan hatsi, ka tambayi ko mai ruwan leda, ka ce ina mutumin da na'ura ta kira da suna goma sha biyu. Ba zai iya ba ka amsa ba sai ya gama dariya.

Ni ne Sadisu, ɗan unguwar Shamaki a Gombe, jikan Kanawa. Na yi boko har aji biyu na babbar sakandare, daga nan muka rabu da shugaban makaranta saboda wata akuya da aka tarar a ofishinsa sanye da hularsa. Ban ce ni na sa mata ba, amma dai ta yi mata kyau. Daga nan na koma shagon fotokwafi a bakin titi, ina karance takardar kowa kafin in miƙa masa. A nan na tsinci Turancin da nake razana mutane da shi.

A shekarar dubu biyu da goma sha huɗu Gombe ta cika da shingayen bincike. Mai babur tun daga nesa zai sauka, ya kashe, ya tura. In an iso gaban buhunan yashi sai a ce, ina katin shaida? Mai katin aiki a wuya ya wuce abinsa. Marar kati a ce ya koma gefe ya zauna a rana, a yi ta tambayarsa sunan kakansa. Sau uku ana zaunar da ni. A na ukun motar 'yan makarantar mata ta wuce, duk suka leƙo. Ranar na yi wa kaina alkawari sai na rataya kati a wuyan nan, ko da na kulob ɗin ƙwallo ne.

Sai Allah ya kawo Oga Dalhatu shagonmu. Yana da ɗan kamfanin rubuta manhajar kwamfuta a GRA, ɗaki biyu da janareta. Ina buga masa takarda yana waya yana mita, wai ma'aikacinsa Alfred ya kwashe iyali ya bar gari saboda halin da ake ciki, ga aiki ya taso ba mai zuwa kasuwa.

Yana ajiye waya na ce, "Ranka ya daɗe, wane aiki Alfred ɗin yake yi?"

"Bizines analis."

"Ikon Allah! Ai aikinmu ne na gado."

Ya kalle ni daga hula har silifa. "Ka ma san mene ne?"

"Na sani mana, amma faɗi in ji ko irin naku ɗaya ne da namu."

Ya ce, "Ina da mai rubuta manhaja, ina da mai gwada ta. Sun san kwamfuta, ba su san yadda mutane ke aikinsu ba. Analis shi ne mai zuwa ya zauna da mutanen, ya kalla, ya tambaya, ya rubuto mana abin da suke bukata. Abin da ya rubuto shi muke ginawa. In ya rubuto ƙarya, ƙarya za mu gina. Ka san 'yan dakon kasuwa?"

"Ranka ya daɗe, rabinsu ni na raɗa musu suna."

Washegari aka ba ni kati. Na takarda ne da aka yi wa laminatin, da igiya shuɗiya. Oga Dalhatu ya ce, "Na gwaji ne. In aikin nan ya yi kyau a ba ka na roba. In ya ɓaci, wuyanka ya koma yadda yake."

Da katin nake zuwa masallaci, da shi nake zuwa sayen katin waya, wanka kawai nake cire shi, shi ma a ƙusar banɗaki nake rataye shi ina kallonsa. A shingen farko na turo babur ina turo ƙirji. Jami'in ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Wuce, Oga." Oga! Sai da na zagayo na sake bi ta shingen, alhali ba ni da inda za ni.

Iya Kadijatu mai ƙosai, maƙwabciyarmu, ita ce kaɗai ba ta razana ba.

"Sadisu, wannan layar zamani ce?"

"Iya, katin aiki ne. Ko a sakatariya ba kowa ke da irinsa ba."

"To me kake yi a aikin?"

"Ina tambayar mutane abin da suke so."

"Shi ke nan? Ai ni ma kullum da safe shi nake yi. Na nawa za a ba ka, da yaji ko babu. Ba wanda ya rataya mini igiya."

"Nawa na kwamfuta ne, Iya."

"To Allah ya sa kwamfutar tana da haƙuri."

Ga yadda aikin yake. Kwamitin tsaro na ƙofar kasuwa ta wajen 'yan hatsi ya damu da cewa kowa na iya turo baro da buhu ya shige kasuwa ba a san shi ba. Suna so a yi wa 'yan dako rajista, a sa na'ura a ƙofa, ɗan dako ya ɗora yatsa, in ta san shi ya wuce. Ni kuma aka ba ni mako biyu in zauna da su in ga yadda suke aiki, in ɗauko zanen yatsun mutum goma sha biyu da wata 'yar na'ura don gwaji, sannan Sarkin Dako ya dangwala hannu a takardar cewa abin da na rubuta gaskiya ne.

Na ce, "Wane ne Sarkin Dakon yanzu?"

Oga Dalhatu ya ce, "Baba Inuwa. Ba ka ce ka san su ba?"

"Gwada ka nake yi, Oga."

Bara, don nishaɗi kawai, na je na gaya wa Baba Inuwa cewa motar albasa ta lalace a Tumfure, can bayan gari, mai ita na neman baro ashirin. Mutum ashirin suka tura baro babu kaya cikin rana har can, suka tarar da kare a ƙarƙashin bishiya. Baba Inuwa ya rantse a gaban jama'a duk ranar da ya kama ni sai ya ɗora ni a baro ya zaga kasuwa da ni. Tun daga ranar nake sayen tumatir a unguwa.

To, mai basira ba ya rasa dabara. Akwai teburin shayi a tsallaken titi, daidai inda ana hango ƙofar. Nan na kafa ofis. Na sa baƙin tabarau, na ja hula har gira, na buɗe littafi. Mako biyu ina shan shayi da burodi da ƙwai ina nazari. Ga abin da na gano: ɗan dako yana zuwa da safe, yana da baro, yana tura shi. Layi uku ke nan. Da na koma gida na zana musu akwatuna da kibiyoyi, wannan na nuna wancan, wancan na dawowa wannan, sai ga shafi goma sha huɗu. Sunaye kuwa mai shayi na tambaya. "Wancan dogon fa?" "Bawa." "Wancan mai jar hula?" "Jauro." Har na cika sha biyu.

Zanen yatsu ne ya ɗan tsaya mini. Na zauna a ɗaki da azahar, na kalli na'urar, na kalli hannuna, sai na ga ashe Allah ya riga ya ba ni mutum goma. Babban yatsan dama, Inuwa Sarkin Dako, saboda girmansa. Manuni, Bawa Dogo. Na tsakiya, Jauro. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare saura biyu, sai na kalli ƙasa. Na wanke ƙafafuna da sabulu sau biyu, don ni mutum ne mai girmama aiki. Babban yatsan ƙafar dama ya zama Buba Gajere, na hagu ya zama Yerima. Takardar amincewa kuma Baba Inuwa ya dangwala mata hannu ba tare da gardama ba, tunda a jikina yake.

A ofis kullum da safe ana taro a tsaye, wai don kada a daɗe. Ba su san ni ko a tsaye ina iya awa guda ba. Arinze, mai rubuta manhajar, mutum ne mai sanyi, haifaffen Gombe, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Shamaki. Matsalar ita ce Chizaram, mai gwaji. Aikinta shi ne neman inda abu zai lalace, kuma tun ranar farko ta yanke cewa ni ne wurin.

Ta juyo da kwamfutarta ta ce, "Analis, zo ka gani. Wannan Buba Gajere, yatsansa ya cika gilashin har ya yi saura. Gajere ne da gaske?"

"Gajere ne. Duk tsayin a yatsa ya tafi."

"Yerima fa? Shi ma haka."

"'Yan uwa ne."

"Kuma sauran goman, duba yadda zanen ya fito sumul kamar na jarirai. Mutanen da ke ɗaukar buhu?"

"Man kaɗanya suke shafawa. Da kin karanta shafi na tara da ba ki tambaya ba."

"Shafi na tara kibiya ce guda ɗaya, Analis."

"To ai ita ke nuna man."

Oga Dalhatu ya yi dariya ya ce a ci gaba. Chizaram ba ta yi ba. Ta ce tana so ta bi ni kasuwa ta ga mutanen da idonta. Ranar farko na ce suna zaman makoki. Rana ta biyu na ce an rufe hanyar. A wancan lokacin in ka ce an rufe hanya ba mai tambayarka wa ya rufe.

Sai Arinze ya ce, "Malam Sadisu, in na'urar ba ta gane mutum ba, me za ta yi? Alfred ya bar rubutu cewa jar fitila ta kama, shiru, mai gadi ya duba."

Jar fitila! A ce aikina na farko ya ƙare a 'yar fitila kamar ta cajin waya? Na ce, "Alfred bai zauna da mutanen ba. Sarkin Dako ya ce jiniya yake so. In mutum ya ɗora sau uku ba ta san shi ba, ta kwarma yadda za a ji har GRA."

Arinze ya ajiye biro. "Jiniya? A wannan zamanin? Ranar Lahadi tayar mota ta fashe a gaban cocinmu, mamata ta bar takalminta a can, har yau ba ta koma ɗauka ba."

"Ni ma na faɗa masa, ya ce shi dai jiniya. Ga hannunsa a takarda."

Ya kalli dangwalen ya girgiza kai. "Abin da takarda ta ce shi zan gina."

Na ƙara da cewa 'yan dako suna son na'urar ta gaishe su da suna, kuma sun fi son murya mai daɗi irin ta rediyo. Aka duba ofis kaf, wa ke da irin wannan murya in ba ni ba? Na shafe yini ina naɗa: "Barka da zuwa, Bawa Dogo. Barka da zuwa, Jauro." Har Arinze ya ce ya isa, na ce a sake na Sarkin Dako, bai fito da kwarjini ba.

Kada ka ɗauka ban yi tunanin ranar buɗewa ba. Na yi, kuma dabarar ta fi ta farko kyau. Ni zan tsaya a gaban na'urar ina taimaka wa kowa. Zan rufa hankici a kai, in ce hasken rana na hana ta gani. In kama hannun mutum kamar ina gyara masa, in zura nawa yatsan ta ƙasa. Buba da Yerima na sa su ƙarshen layi, don na san manya ba sa jure kallon abu ɗaya fiye da sau uku. Na rubuta farkon sunan kowa da biro a bayan yatsansa, wato yatsana, don kada in rikice. Daga baya in an ba ni katin roba, sai in san yadda zan yi. Ban taɓa ganin shiri mai tsafta irin wannan ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar. Ga kujerun roba, ga shugaban kwamiti da babbar riga, ga 'yan banga da sandar bincikensu mai ƙara, ga 'yan kasuwa sun yi da'ira. Dokas mai tumatir ta jera kwandunanta a gefen rumfar, don ta ce inda taro yake nan ciniki yake. Ni kuwa kwat ɗin aro, baƙin tabarau, hula har gira, kati a ƙirji yana walƙiya. Baba Inuwa na zaune a layin gaba, tsoho mai faɗin kafaɗa, yana kallon kowa da ido ɗaya a kanne. Na tsaya ta inda lasifika ta kare ni.

Shugaban kwamiti ya yi jawabi, ya ce an riga an yi wa mutum goma sha biyu rajista, yanzu za a nuna. Aka kira Bawa Dogo.

Bawa ya matso yana sosa ƙeya. "Ni? Yaushe aka yi mini?"

Na sauya murya na ce, "Na'urar zamani ce, tun daga nesa take ɗauka. Kawo hannu."

Na rufa hankici, na zura manuni. Lasifika ta ce da muryata mai daɗi, "Barka da zuwa, Bawa Dogo!"

Wurin ya ɗauki tafi. Bawa ya ja da baya ya ce, "La'ilaha! Ta san ni!" Ya cire hula ya gaishe ta. Jauro ya zo, shi ma ta san shi. Oga Dalhatu ya ɗaga mini babban yatsa, ban so ya yi ba, don Sarkin Dako ke nan. Na ji katin roba yana taɓa ƙirjina.

Sai shugaban kwamiti ya ce, "Madalla! A yi duk sha biyun, mu gani."

Nan gumi ya karyo mini, ga kwat, ga rana. Na leƙa ƙarƙashin hankici, sai na ga biron ya narke, yatsuna duk sun zama shuɗi ɗaya, ba a gane Sarki ba a gane talaka. Na uku wani tsoho ne siriri, Malam Sale. Na yi bisimilla na zura wanda ya zo.

"Barka da zuwa, Bawa Dogo!"

Bawa ya leƙo daga cikin ƙofa. "Ni kuma? Ai na shigo!"

Na ce, "Gaisuwa ce ta biyu, tana da ladabi." Na sake zurawa da sauri.

"Barka da zuwa, Inuwa Sarkin Dako!"

Malam Sale ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Shekara ashirin ina jira, yau an naɗa ni!"

'Yan dako suka fashe da dariya, wani ya fara yi masa kirari. Baba Inuwa ya miƙe a hankali, kujerar ta biyo shi sai da ya ɓamɓare ta.

"Wa ya ba da sarautata ina zaune?" Ya iso gabana. "Kai, ɗauke tsumman nan. Ina da yatsana, ba sai an riƙe mini ba."

"Baba, hasken rana..."

"Ranar ta san ni, na santa. Matsa."

Ya fizge hankicin ya danna babban yatsansa. Shiru. Ya goge a riga ya sake dannawa. Shiru. Ya juyo ya kanne ido.

"Muryar nan da ke cikin akwatin, na taɓa jin ta. Ba ita ce ta ce mini albasa a Tumfure ba?"

"Baba, kada ka ɗora na uku. Don girman Allah."

Ya ɗora.

Ban san Arinze ya iya aiki haka ba sai ranar. Jiniyar ta tsaga kasuwa kamar an yage sama. Kafin ka ce me, rumfa ta zama babu kowa. Shugaban kwamiti ya tattare babbar riga ya tsallake kujeru uku a tashi ɗaya. Ɗan banga ya jefar da sandar bincike, ita ma ta kama nata kukan a ƙasa. Masu shaguna na jan ƙofofi, mai kaji ya saki keji, kaji suka bi ta kan mutane. Wani mai nama ya ruga da cinyar saniya a kafaɗa, ya bar wuƙarsa da rediyonsa. Kwandunan Dokas kuwa kowa sai da ya taka rabonsa.

Ni da na san babu komai, ni na fi kowa gudu. Na taka tumatir, ƙafafuna suka yi gaba suka bar ni, na faɗa da baya cikin wani baro, ƙafa sama, tabarau a haɓa. Kafin in yunƙura na ji baron ya ɗaga. Bawa Dogo ne a hannun.

"Barka da zuwa," in ji shi.

Ya turo ni har gaban rumfa. Chizaram ta riga ta zare wayar jiniyar, Arinze na tsaye a kan kujera yana ihu, "Ba komai ba ne! Na'ura ce! Ku dawo!" Mutane suka fara dawowa, wasu da takalmi ɗaya, kowa na neman wanda zai zaga. Ba su sha wahalar nema ba.

Baba Inuwa bai gudu ba. Yana nan inda yake, ya harɗe hannu. Ya ce, "Kai ɗan nan, ka san abin da jiniya take nufi a garin nan? Akwai matar da ta bar ɗanta a shago ta gudu, ga ta can tana kuka tana dariya. Wa ya ce a sa wannan abin?"

Oga Dalhatu ya zaro takarda. "Baba, ai kai ka ce. Ga hannunka."

"Hannuna?" Ya miƙa wa Arinze babban yatsansa. "Ɗana, duba nan. Ka ga wani zane?"

Arinze ya duba, Chizaram ta duba. Yatsan ya goge tas kamar bayan cokali, sai tsaga biyu da kanta.

"Shekara talatin da igiya da buhu da ƙarfen baro. Duk wanda ya shekara biyar a dako haka nasa yake. Ko wajen rajistar zaɓe sai sun gaji sun ƙyale mu. Kuma baro ɗaya mutum uku ke tura shi, wani da safe, wani bayan azahar, wani da yamma. Da an tambaye ni, kafin shayi ya huce na gama faɗa."

Chizaram ta ce, "Arinze, rubuta. Aikin mako biyu ke nan." Sannan ta juyo. "Analis, kawo hannunka."

"Chizaram, mu yi maganar nan a ofis, tsakaninmu ma'aikata."

"An rufe hanyar ofis," in ji ta.

Bawa ya riƙe mini wuyan hannu, ita kuma ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Muryata, wadda na sha wahalar gyarawa, ta shiga tona ni a gaban kasuwa. "Barka da zuwa, Inuwa Sarkin Dako! Barka da zuwa, Bawa Dogo! Barka da zuwa, Jauro!" Duk wanda aka kira sai ya ce "Na'am!" jama'a su kwashe da shewa. Malam Sale ya ji shi ne ɗan ƙaramin yatsan hagu, ya ce ba komai, daga sarauta zuwa nan duk a rana ɗaya, duniya ke nan.

Aka ƙirga goma. Chizaram ta ce, "Saura biyu." Sai idonta ya sauka a kan takalmina.

"A'a," na ce. "Chizaram, ke 'yar mutunci ce."

"Cire."

Mutum biyu suka ɗaga ƙafata kan tebur, a gaban shugaban kwamiti wanda ya dawo yana haki da hula a hannu.

"Barka da zuwa, Buba Gajere!"

Wani ɗan gajeren mutum ya ratso taro yana huci. "Ni ne ƙafa? Duk mutanen nan an ba su hannu, ni aka ba ƙafa? Me na yi maka?"

"Ta dama ce, Malam Buba. Yerima ne ta hagu."

"Kada ka sa ni a ciki!" in ji Yerima daga baya. "Ni ban ji an kira ni ba, kuma kada a kira!"

Aka kira shi.

Har Dokas, da ke tsaye cikin miyar tumatir ɗinta tana zagina da harshe uku, sai da ta dafa kwando tana dariya da hawaye.

Oga Dalhatu bai yi dariya ba. Ya zo ya ɗaga igiyar daga wuyana a hankali, kamar mai cire wa rago. Na ji iska ta bugi wurin. Na ce, "Oga, ko igiyar ka bar mini." Bai kula ni ba. Ya ba Baba Inuwa haƙuri, ya ba kwamiti haƙuri, ya roƙi mako uku a sake aikin daga farko, wannan karon da kati mai hoto da jar fitila. Sannan ya nuna ni ya ce, "Baba, wannan fa? 'Yan banga na son sa."

Baba Inuwa ya karɓi katina ya duba hoton, ya zura a aljihu.

"A'a, ba inda za shi. Ba na'urarku ce ta ce shi ɗan dako ba ne, har sau goma sha biyu? To mun karɓe shi. An ce aikinsa ya zauna da mu ya ga yadda muke yi. Zai gani. Bawa, sauke shi, ba shi hannun baron. Kullum da safe ya rubuta abin da ya gani ya kai wa yarinyar nan."

Na ce, "Baba, har yaushe?"

Ya nuna na'urar. "A bar mana wannan a ƙofa. Kowace yamma ka ɗora yatsunka. Ranar da ta daina gane ka, ka zo ka karɓi katinka."

Na kalli yatsuna goma, shuɗaye, sumul, ko ƙaya ba ta taɓa shigarsu ba. Ina cikin lissafin shekara biyar ɗin da ya ambata, sai na ji murya a bayana.

"Sadisu, yau ba ka tambaye ni abin da nake so ba."

Iya Kadijatu ce, ta zo sayen waken ƙosai, ɗankwali a karkace saboda gudu. Tsakanin kasuwa da Shamaki shinge biyu ne, ga wuyana fayau.

Na ce, "Iya, me kike so?"

Ta nuna buhu. "Har ƙofar gida. Kuma a hankali, ina so 'yan unguwa su ga aikin kwamfuta."